Biyan Kuɗi Don Kallon Faɗuwar Rana: Tafakkuri ne ko Almubazzaranci?

Godiya ta tabbata ga Allah Mai jujjuya dare da rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Tun da aka fara maganar Umarar bana, wani zance yake ta yawo a majalisunmu, daga ƙofar masallaci zuwa teburin mai shayi. Cikin tallace-tallacen da ke shigowa wayoyinmu, ana ganin wani ƙari da ba mu saba da shi ba. Bayan an gama ziyara a Madina, wanda ya ƙara kuɗi za a ɗauke shi zuwa wani wuri da ake kira Al-Ula, a haɗa shi da ɗan jagora, a shiga da shi cikin kwazazzaban duwatsun hamada da yamma, ya zauna ya kalli faɗuwar rana. Dattawa da suka ji sai suka riƙe baki. Wani ya ce, "Ranar da take faɗuwa kullum a bayan Dutsen Zuma kyauta, ita za a biya riyal a je a gani?" Samari kuwa suka ce ai gani ya kori ji, kuma tafiya mabuɗin ilimi ce. An tambaye mu mu ce wani abu. To, ga abin da Allah ya hore mana.

Da farko bari mu san wurin da ake magana a kai. Al-Ula wani kwari ne mai dabino da ruwa a tsakiyar hamada, fiye da kilomita 300 arewa da Madina. Jajayen duwatsu sun kewaye shi, iska da ruwa sun sassaƙe su tsawon zamani har wani ya yi kama da giwa mai hanci a ƙasa, shi ne Larabawa suke kira Jabalul Fil. Idan rana ta yi ƙasa, duwatsun kan sake launi daga ruwan ƙasa zuwa ja jawur, shi ne abin da ake kai mutane kallo. Kimanin kilomita 20 daga garin akwai Hijir, wanda aka fi sani da Mada'in Salih, inda aka fafe kaburbura sama da 100 a jikin duwatsu, mafi yawansu da ado a fuskarsu kamar ƙofar fada. A shekarar 2008 hukumar UNESCO ta sanya Hijir cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Saudiyya. A 2017 gwamnatin ƙasar ta kafa hukuma ta musamman don raya Al-Ula, a 2019 kuma ta fara ba da bizar yawon buɗe ido. Wato dai ƙasar da muka sani da Hajji da Umara ta buɗe sabon shago, kuma mu 'yan kasuwa mun san in aka buɗe shago sai an nemi masu saye.

Maganar dattawanmu tana da tushe, kada samari su raina ta. Mu da muka tashi a Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato, abin da muka sani game da faɗuwar rana shi ne lokacin shiga gida. Almuru na yi, uwa za ta leƙo zaure ta ƙwala wa yaro kira, a kora awaki, a rufe akurkin kaji, a ɗauko buta. Wannan tarbiyya tana da asali a hadisi, domin Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a tsare yara a gida a farkon shigar dare. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya lokacin Magariba ƙanƙane ne. Duk wanda ya karanta Risala a Islamiyya ya san an ce ba a jinkirta ta daga faɗuwar rana. Saboda haka mutumin da ya shekara sittin yana jin kiran salla da zarar ƙwallon rana ya ɓace, in ka ce masa ga wasu can sun jera kujeru suna tafa wa rana, dole abin ya yi masa banbarakwai.

Amma kuma in muka ce kallon halitta kansa laifi ne, mun faɗi abin da Allah bai faɗa ba. Alƙur'ani cike yake da kira a ɗaga kai a duba. A ƙarshen Suratu Ali Imrana an yabi masu hankali da cewa suna tunani a kan halittar sammai da ƙasa da saɓawar dare da rana. A Suratul Ankabut an ce a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda aka fari halitta. A Suratu Faɗir har launin duwatsu aka ambata, farare da jajaye da baƙaƙe ƙirin, a matsayin aya. Manzon Allah (SAW) da kansa ya nuna ƙauna ga Dutsen Uhudu, ya ce shi ma dutsen yana ƙaunarsu. Wanda ya ga kyan dutse zuciyarsa ta motsa, bai yi wani abin kunya ba.

Akwai ƙissar da ta fi kowace dacewa da wannan zance, ita ce ta Annabi Ibrahim (AS) a Suratul An'am. Ya ga tauraro, ya ga wata, ya ga rana da girmanta, kowanne ya bi shi da kallo har ya faɗi, ya kuma kafa wa mutanensa hujja da faɗuwar cewa abin da yake ɓacewa bai cancanci bauta ba. Ku lura, jama'a, da faɗuwar ya kafa hujjar. Rana tana tsaka ba mai iya haɗa ido da ita, kowa sunkuyar da kai yake yi. Sai ta yi laushi, ta yi ja, ta kusa tafiya, sannan ɗan Adam yake iya kallonta ido da ido, ya ga ashe ita ma baiwa ce da ake kora zuwa masauki. Shari'a ta tsara wannan lokaci da hikima. An hana nafila daidai lokacin da rana take faɗuwa, don kada a yi kama da masu yi mata sujada. Amma an kwaɗaitar da tasbihi kafin faɗuwarta, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha da Suratu Ƙaf. Goshi ba ya taɓa ƙasa a lokacin, harshe kuwa yana aiki. Wanda ya zauna gaban duwatsun Al-Ula yana azkar ɗin yamma, rana na ɓacewa ya miƙe ya ta da iƙama, ba mu ga abin da za mu ce ya ɓata ba.

Inda gizo yake saƙa shi ne Hijir. A shekara ta 9 bayan Hijira, a kan hanyar yaƙin Tabuka, Manzon Allah (SAW) ya ratsa ta wannan wuri da rundunarsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai in suna kuka, don gudun kada abin da ya same su ya same su. Ya lulluɓe kansa, ya gaggauta tafiya har ya fita daga kwarin. Da aka ɗebi ruwa daga rijiyoyin wurin aka kwaɓa gari, ya sa aka zubar da ruwan, aka ba raƙuma kwaɓin, ya ce a ɗiba daga rijiyar da taguwar Annabi Salihu take sha. Ku tuna, wannan runduna ce da ake kira rundunar tsanani, ga zafi, ga ƙarancin guzuri. Mutanen da suke raba dabino suka zubar da ruwa a hamada saboda girman abin. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya kwatanta wannan da saurin da alhazai suke yi a Wadi Muhassir tsakanin Muzdalifa da Mina. Alhazan unguwarmu sun san wurin.

Masu shirya tafiya suna da amsa. Sukan ce masana tarihi sun tabbatar kaburburan da ake gani yau aikin Nabaɗawa ne, mutanen da babban birninsu yake Petra a ƙasar Jodan, kuma sun sassaƙa su wajen shekara 2000 da suka wuce, bayan Samudawa da daɗewa. Wannan gaskiya ne a wajen masana, rubutun da ke jikin kaburburan ma na Nabaɗawa ne. Sai dai sanin wanda ya riƙe gizago bai canza sunan ƙasar ba. Wurin da Annabi (SAW) ya lulluɓe kansa shi ne Hijir, kuma sura ta 15 a Alƙur'ani da sunansa ake kiranta. In wasu sun zo daga baya sun yi gini a kan kufai, kufan yana nan a ƙarƙashi. Abin da malamai da dama suka tafi a kai shi ne, shiga don wa'aztuwa da tsoron Allah ya halatta, shiga don nishaɗi da shewa kuwa ya saɓa wa hadisin. Garin Al-Ula da gonakin dabinonsa da sauran duwatsunsa, inda Musulmi suke zaune ɗaruruwan shekaru, hukuncinsu daban ne da na Hijir ɗin kansa.

To, a nan ne tambayar take da nauyi, kuma ba ta Al-Ula kaɗai ba ce. Shin mutum yana iya sayen tikitin wa'aztuwa? Kowa in ka tambaye shi zai ce don ɗaukar darasi zai je. Niyya kuwa a zuci take, ba mu da ma'aunin auna ta. Amma mu 'yan kasuwa mun san wani abu guda: yadda aka jera kaya shi yake nuna abin da ake son a saya. In an tsara tafiya da kiɗa a mota, da wurin tsayawa don hoto, da shayi da gasasshen nama a gindin dutse, an riga an gaya wa zuciya abin da za ta ji kafin ta iso. Kuka ba ya zuwa bisa jadawali. Ɗan jagora yana cewa minti goma sha biyar a nan, kowa ya ɗaga waya, wannan ya gyara hula, wancan ya ce a sake ɗauka bai fito da kyau ba. Mutum ya juya wa kabarin baya don fuskarsa ta fito a gaba. Samudawa an zarge su da fafe duwatsu suna alfahari, suna ganin sun aminta. Wanda ya tsaya gaban irin wannan wuri yana neman hoton da zai burge mutanen unguwa da shi, ya duba da kyau, kada ya zama ya ɗauko ciwon da ya kashe masu gidan.

Duk da haka ba za mu ce kowa haka yake ba. Akwai bawan Allah da zai tsaya gaban Ƙasrul Farid, kabarin nan da yake tsaye shi kaɗai a dutse guda, ya ga an sassaƙo shi daga sama an bar ƙasan ba a gama ba, ya tuna nasa ginin da ya tsaya a linta shekara biyar, jikinsa ya yi sanyi. Irin wannan ya ci ribar tafiyarsa. Hadisin ya gindaya sharaɗi ne, kuma sharaɗin yana hannun mai shiga. Wanda ya san kansa, ya san in ya shiga cikin ayari dariya za ta ɗauke shi, ya tsaya a Madina ya ƙara salloli a Masallacin Annabi, inda salla ɗaya ta fi dubu a waninsa in ban da Masallacin Harami. Kwana ɗaya da za a kashe a hanyar Al-Ula salloli biyar ne a can. Wannan ma lissafi ne da ya kamata ɗan kasuwa ya yi.

Sai maganar kuɗi. Almubazzaranci ba a auna shi da yawan abin da aka kashe kaɗai, ana duba halin mai kashewa da haƙƙoƙin da ke kansa. Alhajin da ya fitar da zakkarsa, ya biya yaran shagonsa, ba a bin sa bashi, iyalinsa suna cikin wadata, in ya kashe wani abu don ya ga ƙasar Allah, halal ɗinsa ya ci. Amma mun san yadda wasunmu suke haɗa kuɗin Umara: adashi, da jarin shago, da kayan da aka karɓa a Dei-Dei ko Wuse ba a gama biya ba. Mutumin da mai kaya yake jira, ko mai gidan haya, ko kuɗin makarantar yara, in ya ƙara ɗawainiya don kallon dutse, da kuɗin wani ya yi kallon. Bashi kuwa ko shahidi ba a yafe masa shi ba. Malaman Malikiyya ma sun bambanta tafiye-tafiye: a Mukhtasar na Khalil rangwamen ƙasaru bai zama sunna ga mai tafiyar saɓo ko ta wasa ba. Ashe tun da can malamai sun san ba kowace tafiya ce tafiya ba.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. A layinmu akwai gidan da ba a ɗora tukunya sau biyu a yini. Ba mu ce kada mai hali ya ji daɗin halinsa ba, Allah yana son ya ga alamar ni'imarsa a kan bawansa. Abin da muke cewa, hoton da za ka watsa a zauren WhatsApp na unguwa, ka san idanun da za su gan shi. Jin daɗi a ɓoye ni'ima ne. In aka baje shi gaban mai yunwa yakan koma wani abu daban.

Yanzu mu dawo gida, don wannan al'ada ta riga ta iso mu. Duk Asabar za ka ga samari da 'yan mata cikin ayari, da jakunkuna a baya, an karɓi kuɗinsu za a kai su hawan duwatsun Abuja, wasu Ushafa, wasu Mpape, wasu har Gurara a Jihar Neja. 'Ya'yanmu suna cikinsu. Hukuncin bai canza ba: a tsare salla, a tsare mutunci da sutura, a guji cakuɗuwar da shari'a ta hana, a kuma kula da tsaro, domin kowa ya san halin da dazuzzukan gefen birnin nan suke ciki, bai kamata duhu ya riski yaro a kan dutse ba. In an cika waɗannan, yaron da ya hau dutse ya ga girman ƙasa ya fi wanda ya yini kwance da waya.

Amma akwai darasin da muke so 'yan jagora na gida su riƙa faɗa, mu ma mu riƙa faɗa wa 'ya'yanmu. Dutsen Zuma da muke wucewa a Madalla kan hanyar Kaduna, wanda hotonsa yake jikin naira 100, ya ga al'ummomi da yawa. Ya ga Gbagyi da Koro suna noma a gindinsa tun kafin a san za a yi birni. Ya ga Haɓen Zazzau da suka baro Zariya bayan jihadi, har Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Ya ga ranar da gwamnatin Janar Murtala ta yi dokar sabon babban birni a 1976, tsohon garin ya bar sunansa ya koma Suleja. Ya ga an tashi ƙauyukan Gbagyi, mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse, aka yi kasuwa da benaye a gonakinsu. Ya ga dawowar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991. Ya kuma ga rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, wanda da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla ba labari aka ba su ba. Mu da muka zo cin rani muka zauna, mun fi kowa sanin cewa gida aro ne. Wanda ya taɓa ganin jan fenti a bangonsa ba ya bukatar a kai shi Hijir kafin ya gane cewa gini ba ya tsare mai shi.

Shi ya sa aikin ɗan jagora amana ne. Shi ne idon baƙo. In ya nuna maka kyan dutse ya ɓoye maka labarin mutanen da suka rayu suka mutu a gindinsa, ya sayar maka da rabin kaya a kuɗin cikakke. In kuma ya cika ka da tatsuniyoyin aljanu don ka ƙara masa na goro, ya yi algus. Haka mai shirya tafiyar Umara da zai kai Musulmi Hijir bai gaya musu hadisin Tabuka ba, ya ɓoye aibin haja, kuma mun san hukuncin mai ɓoye aibi a ciniki. Mu ma masu biya akwai namu: a ba ɗan jagora haƙƙinsa ba tare da wulaƙanci ba, kada a zubar da leda da robar ruwa a wurin, kada a rubuta suna a jikin dutse, kada a ɗauki hoton mutanen ƙauye kamar su ma kayan kallo ne.

Saboda haka, ga wanda ya zo mana da wannan tambaya, ga amsarmu a taƙaice. Kallon faɗuwar rana a kan duwatsun Allah halal ne, yana iya zama lada in an haɗa shi da ambaton Mai rana. Kafin ka biya, ka tambayi mai shirya tafiya a ina za a yi Magariba, da wane ruwa za a yi alwala. In ya yi shiru ko ya ce sai an dawo masauki, ka riƙe kuɗinka. Ka tambaye shi ko Hijir yana cikin jadawalin, in yana ciki ka karanta ƙissar Annabi Salihu kafin ka tashi, ka shiga da kai a sunkuye, kada ka ci abinci ko ka yi wasa a ciki, kada ka daɗe. In ka san zuciyarka ba za ta iya ba, ka zauna a mota ko ka tsaya a Madina. Ka duba littafin bashinka kafin ka duba tallan. In akwai mai bin ka, shi ya fi dutse haƙƙi.

Wanda kuma Allah bai hore masa zuwa ko'ina ba, kada ya ji an bar shi a baya. Gobe in an yi La'asar ka rufe shago da ɗan wuri, ka kama hannun ɗanka ku tsaya a bakin masallaci ta yamma. Ka nuna masa yadda take sauka a bayan duwatsu, ka ba shi labarin Annabi Ibrahim, ku yi tasbihi tare har ladan ya ɗaga murya, sannan ku shiga sahu.

Allah ya sa mu cikin masu gani su wa'aztu, ya karɓi Umarar masu niyya, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.